Solskjaer, ɗan wasan da ya mai da benci makaranta

Ɗan ƙwallo ya fi tsanar benci a kan komai, amma Ole Gunnar Solskjaer a can ya gina sunansa. An haife shi a 1973 a Kristiansund, wani gari na bakin teku a ƙasar Norway. Yana ƙungiyar Molde Manchester United ta saye shi a 1996 kan fam miliyan 1.5, lokacin da ba kowa ya san shi a Ingila ba. Wasansa na farko da Blackburn daga benci ya taso, kuma minti shida da shigarsa ya zura ƙwallo.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan canji shi ne yadda yake zaman. Wasu na cika suna batsewa don koci bai sa su ba, shi kuwa idonsa na kan 'yan bayan abokan hamayya: wa ya fara gajiya, wa ke barin gibi, ta ina mai tsaron raga ke da rauni. Kafin kocinsa Alex Ferguson ya ce masa tashi, ya riga ya karance su. A Fabrairun 1999 ya shigo ana dab da tashi daga wasa da Nottingham Forest, ya zuba huɗu shi kaɗai, aka tashi 8-1.

Sai daren 26 ga Mayu 1999 a filin wasa na Camp Nou, wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai. Bayern Munich na gaba da ɗaya har minti 90 ya cika. Teddy Sheringham ya farke wa United. Can David Beckham ya bugo kusurwa, Sheringham ya taɓa da ka, Solskjaer ya miƙa ƙafar dama ya tura ta saman raga. Da wannan United ta haɗa kofuna uku a kaka guda. Abin lura, shekara guda kafin nan United ta amince ta sayar da shi ga Tottenham, shi ya ce ba ya zuwa ko'ina. A ganina wannan taurin kan ya fi ƙwallon kanta ban sha'awa.

Ya buga wa Norway wasa 67 da ƙwallo 23, har da gasar cin kofin duniya ta 1998. Ciwon gwiwa ya addabe shi tun daga 2003, ya yi ta fama da tiyata, har ya haƙura da wasa a Agustan 2007 da ƙwallo 126 a wasa 366 da ya yi wa United.