Igwogin Gore da kwana uku da suka shafi Nijar

Duk wanda ya bi ta unguwar Filato a Yamai ya ga fadar shugaban ƙasa da manyan ofisoshin gwamnati, sai ya ɗauka tun fil azal daga nan umarni ke fitowa. A zamanin Nasara ba haka abin yake ba. Tun da aka ɗauke hedkwatar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, gwamnan da ke zaune a Filato yaron wani ne. Ubangidansa yana Dakar, birnin da Faransa ta mayar cibiyar mulkin yankunanta na Afirka ta Yamma a 1902. Abin da ya ba Dakar wannan matsayi kuwa teku ne.

Garin yana kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin tekun Atlantika, wuri mafi nisa yamma a nahiyar Afirka. Bayan tsinin akwai ruwa mai zurfi da ke cikin kariya daga igiyar teku. Wani hafsan sojan ruwa mai suna Protet ya kafa tutar Faransa a wurin a 1857, daga baya aka gina sansanin jiragen yaƙi da ma'aikatar gyaransu. Jirgin da zai tafi Kudancin Amurka ko ya zagaya Afirka ta kudu, ta ƙofar Dakar yake wucewa.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Cikin gaggawa aka fitar da Richelieu, sabon jirgin yaƙin da ba a ma gama haɗawa ba, daga tashar Brest zuwa Dakar. Dodo ne na gaske: tsawonsa ya kusa mita 250, yana ɗauke da manyan igwogi 8 masu faɗin baki milimita 380, dukkansu a gabansa. A daidai lokacin aka kwaso zinariyar babban bankin Faransa, haɗe da ta Beljiyam da Polan, aka sauke a Dakar, daga baya aka kai ta Kayes da ke Mali ta yau. Ingila ta ji tsoron kada jirgin ya faɗa hannun Jamus, shi ya sa a ranar 8 ga Yuli jiragen samanta suka kai masa hari yana tsaye, suka raunata shi ta baya. Tafiya ta gagare shi, amma igwoginsa na nan.

Ranar 23 ga Satumba Janar De Gaulle, Bafaranshen da ya ƙi miƙa wuya ga Jamus, ya iso bakin Dakar tare da rundunar ruwan Ingila. Tunaninsa shi ne da an ga yawan jiragen, gari zai buɗe ƙofa kamar yadda Cadi ta bi shi wata guda kafin nan a ƙarƙashin Félix Éboué. Sai aka wayi gari da hazo, babu wanda ya ga jiragen balle ya tsorata. Babban gwamna Pierre Boisson, mai biyayya ga gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus, ya ƙi sauraron manzannin da aka aiko, har aka harbe su suna komawa. Yunƙurin saukar da sojoji a Rufisque ya ci tura. Kwana uku ana luguden wuta tsakanin teku da tudu, harsasai na faɗawa unguwannin talakawa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A rana ta uku wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Faransa, Bévéziers, ya yi wa babban jirgin Ingila Resolution mummunan rauni, maharan suka juya.

Ga inda abin ya taɓa mu. Da Dakar ta faɗi, da Nijar ta bi sahu. Da yake ba ta faɗi ba, ƙasar ta zauna a hannun Vichy har zuwa Nuwamban 1942, alhali Nijeriya tana hannun Ingila. Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Damagaram da Kano, ta koma iyakar abokan gaba. Aka tsananta tsaro, fatauci ya koma na ɓoye, aikin tilas da ƙwace hatsi da dabbobi suka ƙaru. Bafatake da bai taɓa ganin teku ba ya ɗanɗana kuɗarsa saboda abin da ya faru tsakanin jiragen da bai san sunansu ba. Ko sunan De Gaulle ɗin ya daɗe a kan wani babban titi na Yamai, sai a Oktoban 2024 aka sauya shi da na Djibo Bakary.

Mai zuwa Dakar da niyyar hawa tsohon jirgin yaƙi, kamar yadda ake hawa Victory a Portsmouth ta Ingila, ya rage buri. An kai Richelieu New York aka gyara shi a 1943, ya yi yaƙi har gabashin Asiya, a 1968 aka sayar da shi aka farfasa a Italiya. Abin da ya rage yana tsibirin Gore, tafiyar kamar minti 20 a jirgin fito daga tashar birnin. Kafin a isa, jirgin yakan kauce wa wata alama a ruwa, inda Tacoma, jirgin dakon kaya da aka harba a wannan faɗa, yake kwance. A kan tudun da ake kira Castel kuma akwai manyan igwogi biyu masu bakin milimita 240 da aka ciro daga tsohon jirgin yaƙi Vergniaud. Sun yi tsatsa, masu zane sun baje hajarsu a gindinsu, wasu ma sun mayar da ramukan sojoji ɗakunan kwana.

Yawancin baƙi Gidan Bayi suke nufa, kuma ya cancanta, don tarihin cinikin bayi ne ya sa UNESCO ta saka tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Amma ina ganin ɗan Nijar da ya tsaya nan kawai ya yi asara. Ya nemi a nuna masa tsohon ginin makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930. A nan Boubou Hama ya yi karatun malanta, haka ma Diori Hamani. Ya kuma leƙa ganuwar Estrées mai siffar da'ira a ɗaya ƙarshen tsibirin, wadda ta zama gidan tarihin Senegal.

Ita kuwa tashar Dakar tana nan tana aiki dare da rana, kayan Mali da yawa ta nan suke shigowa. Sojojin Faransa sun miƙa sansanoninsu na ƙarshe a Senegal a watan Yulin 2025, shekara ɗaya da rabi bayan ficewarsu daga Nijar.