Binne da Roƙon Ruwa: Tawakkalin Manomi a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa, tun daga Zariya har zuwa Maraɗi da Damagaram, ruwan sama yana sauka ne a cikin wata huɗu ko biyar kacal, kuma abin da manomi ya samu a wannan ɗan tsakani shi zai ciyar da gidansa har shekara ta zagayo. Saboda haka lokacin da ya fi kowane tsanani a rayuwar ƙauye yakan fara ne daga bazara, wato zafin nan da ke zuwa gab da faɗuwar damina, ya miƙe har cikin marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, sabon amfani kuwa bai nuna ba. A wannan tsakani ne ake ganin al'adun da Bahaushe ya gada na dogaro ga Allah, waɗanda malamai ke kira tawakkali, kuma abin lura game da su shi ne kusan kowace ɗaya tana cin hatsi, domin manomi ba ya nuna ya dogara ga Ubangijinsa sai ya fitar da wani abu daga ɗan abin da ya rage masa.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. An fi yin sa a jigawa, inda ƙasa take da yashi, musamman a arewacin Katsina da Daura da Gumel da kuma ƙetaren iyaka a Nijar. Idan watan bakwai na lissafin manoma ya kama, wanda karin magana ta ce shi ne maƙarar rani, sai maigida ya saɓa sungumi, ya shiga gonar da aka riga aka share aka ƙone, yana tafiya yana sara rami a kowane taku ba tare da ya sunkuya ba, mata da yara suna biye da shi kowa da ƙoƙon iri a hannu. Mai shuka yakan ɗebi gero da 'yan yatsu uku, ya jefa a ramin, ya tura ƙasa da ƙafa ya danne da diddige, ƙura tana tashi, rana tana dukan ƙeya, sama kuwa fes babu ko gizagizai. Wanda bai san noma ba zai ɗauka ɓarnar hatsi ake yi, kuma a gaskiya wani lokacin ɓarnar ce, domin zabi da ɓeraye da tururuwa suna tone irin, sannan abin da aka fi tsoro shi ne yayyafin da zai jiƙa ƙasa har irin ya tsiro, sa'an nan ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Akwai shekarun da gida ɗaya kan sake shuka sau biyu ko uku. Amma idan aka dace ruwan farko ya zo da ƙarfi, gonar mai binne takan riga ta kowa tashi, ta ci ƙarfin ƙasa na farkon damina, kuma shi ne zai fara kai sabon gero gida lokacin da maƙwabtansa ke awo a kasuwa.

Dattawa sun daɗe suna saɓani a kan binne. Wasu suna ganin gaggawa ce, kamar mutum yana so ya riga Mai bayarwa, kuma sukan ce iri amana ne da bai kamata a yi caca da shi ba. Wasu kuma suna cewa ai wannan shi ne ainihin tawakkali, tunda an ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma mai jiran sai ya ga ruwa a ƙasa kafin ya motsa bai nuna ya yarda da komai ba. Duka ɓangarorin biyu sun haɗu a kan darajar irin kansa. Tun da kaka ake zaɓen zangarniyoyin da suka fi tsawo da cika, a ɗaure su daban, a sa su a ƙasan rumbu ko a rataye su inda hayaƙi zai kore ƙwari, kuma ko yara na kukan yunwa uwargida ba ta taɓa su. Idan aka ji an ce gidan wane sun ci irinsu, to, an san wahala ta kai maƙura, kuma maƙwabta ba sa jira a roƙe su kafin su aika da mudu ɗaya ko biyu ranar shuka.

Tsoro na biyu yana zuwa ne bayan shuka ta tsiro, idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, wanda shi ake kira fari. Ganyen gero yakan naɗe da tsakar rana, da farko ya warware da yamma, daga baya ya daina warwarewa, kuma kowa a gari yakan riƙa ɗaga kai yana duban gabas, domin daga can hadari ke tasowa. Duk da haka harshe yana da linzami a irin wannan lokaci. Ba a zagin damina, ba a cewa ruwa ya ƙi, sai dai a ce ana sauraron rahama. Haka kuma ranar da ruwan ya zo da yawa har ya rushe katanga, amsar gaisuwar “yaya ruwa?” ba ta wuce “ruwa ya yi gyara”. Yaron da ya yi suɓul da baka ya ce bana an shiga uku, nan take wani babba zai kwaɓe shi, ya tuna masa cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Idan farin ya yi tsawo, sarki ko hakimi ko dagaci yakan shawarci liman, sai a sa mai shela ya zagaya gari ya sanar da ranar roƙon ruwa. Kafin ranar akan umarci mutane da azumi, galibi na kwana uku, da yin sadaka, da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, domin fahimtar jama'a ita ce zunubin mutane, musamman tauye mudu da hana zakka da zalunci, shi ke tsare ruwa a sama. Da hantsi ake fita bayan gari, yawanci filin idi, amma saɓanin ranar idi babu ado babu turare, kowa da tsofaffin tufafinsa, ana tafiya a ƙasa cikin ƙanƙan da kai, sarki ma a wannan rana ba ya neman a bambanta shi da talakansa. Sallar, wadda littattafan fiƙihu ke kira istisƙa'i, raka'a biyu ce da ake karatu a bayyane, babu kiran salla babu iƙama, kuma almajiran ilimi sun san babinta a Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kusan kowane zauren karatu a ƙasar Hausa yake bi ta kansa. Bayan sallama liman yakan yi huɗuba yana tsaye a ƙasa, yana yawaita istigfari, saboda a Suratu Nuhu an haɗa neman gafara da saukar ruwa. Malamai kuma sukan tuna wa jama'a cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi da kansa ya fita irin wannan roƙo a shekarar yunwar da ta auka wa Madina, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin ya yi addu'a.

Abin da ya fi zama a ran duk wanda ya taɓa halarta shi ne juya tufafi. Liman yakan fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, abin da ke kafaɗar dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, maza su yi koyi da shi suna zaune. Da yake ba kowa ke da mayafi ba, a ƙauyuka da yawa sai ka ga dattijo ya tuɓe rigarsa ya mayar da ita baibai, ɗinki a waje, aljihu yana reto, wani kuma hularsa kawai zai juya, ba wanda ya yi dariya. Malamai suna fassara wannan da fatan Allah ya juya halin da ake ciki daga ƙunci zuwa yalwa, amma tsofaffin manoma da yawa suna ɗaukarsa alamar tsiraici a gaban Ubangiji, wato bawa ya nuna ba shi da sauran abin ɓoyewa ko abin taƙama. Ba a taɓa zama an daidaita fassarorin biyu ba, kuma babu alamar hakan ya dami kowa. Idan ba a samu ruwa ba akan sake fita, wani lokaci har sau uku ko fiye.

A gefen wannan salla akwai wani roƙon da ba na malamai ba ne. Mata sukan daka gumba su raba wa yara da almajirai, saboda an yi imani cewa bakin yaro ba shi da zunubi, addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, kuma wannan gumba daga gero ɗin nan take fitowa wanda ake aunawa da tafin hannu a kwanakin. Yara sukan zagaya gida gida suna waƙoƙin roƙo, matan gida suna watsa musu ruwa. A wasu garuruwa tsofaffin mata kan sa kayan maza su ɗauki fartanya su fita bayan gari, abin da ke nuna cewa al'amura sun birkice har sai an gyara daga sama. Wani sashe na waɗannan yana da tushe a al'adun Maguzawa da Arna, waɗanda ke yanka a gindin tsamiya ko kuka don neman damina mai kyau, kuma har yanzu ana tunawa da buɗin daji na Massalata kusa da Birnin Ƙonni, inda ake duba yadda shekara za ta kasance. Tun bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yaɗuwar makarantun Islamiyya a ƙauyuka, wa'azi ya yi tsanani a kan duk abin da ba shi da nassi, kuma yawancin waɗannan sun mutu ko sun koma wasan yara. Babu mai kukan rashin yanka a gindin itace. Sai dai tare da shi an yi asarar wani abu da ba shi da laifi, domin a da mace da yaro suna da rabonsu na aiki a ranar tsoro, yanzu kuwa a wurare da yawa sai su zauna a gida su jira maza su dawo daga fili.

Ba kowace shekara roƙo ke zuwa da ruwa ba, kuma Bahaushe bai ɓoye wa kansa wannan ba, shi ya sa ya raɗa wa manyan yunwoyi suna kamar yadda ake raɗa wa mutum. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ne jim kaɗan bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, lokacin da gyaɗa ta fara cin filin hatsi, haraji kuma ya koma na kuɗi. An yi 'Yar Gusau a 1942, aka yi babban farin 1972 zuwa 1974 da ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a faɗin Sahel, sannan ta 1984, wadda mutanen Maraɗi suka sa wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. Tsofaffin da ba su da takardar haihuwa da waɗannan sunaye suke lissafin shekarunsu. A irin waɗannan shekaru ne ake komawa ga abin da daji ya tanada, a yi kwaɗon tafasa da yaɗiya, a sussuke ƙarangiya a fitar da ƙwayarta, a jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinta ya fita, wasu ma su tone gidan tururuwa don hatsin da ta tara. Maigida mai dabara yakan liƙe rumbunsa da laka tun da kaka, ya tura samari cin rani birni domin a rage baki, ba za a buɗe rumbun ba sai aikin noma ya kankama, lokacin da jiki ke bukatar tuwo. Wannan tsimi da wancan roƙo a wurin manomi abu ɗaya ne, kuma mutumin da ya fi kowa yawan cewa Allah ne mai ciyarwa sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa sanin damin da ya rage masa.

Idan Allah ya sa damina ta miƙe, alamar farko ta fita daga ƙunci ita ce tumu, wato sabuwar zangarniyar gero da ake gasawa a wuta a murtsuke a tafin hannu a hure ƙaiƙayi a watsa a baki. A gidaje da yawa ba a fara ci sai an kai wa dattijon gida da liman, kuma da an yi girbi akan ware zakka tun a gona, dami ɗaya cikin goma ga wanda amfaninsa ya kai nisabi, kafin a kai sauran rumbu. Sunaye irin su Anaruwa da Shibkau da Nomau da Citumu, waɗanda ake yi wa yara laƙabi da su gwargwadon lokacin da aka haife su, sun fara ƙaranci a rajistar makarantu, amma har yanzu ana jin su a bakin kakanni.

Yau manomi yana jin hasashen damina na hukumar NiMet a rediyo ko a wayarsa, akwai kuma irin gero da wake masu saurin nuna da cibiyoyin bincike suka fitar, kuma kiran fita roƙon ruwa kan fito daga fadar sarki ko ofishin gwamna ta kafafen labarai maimakon bakin mai shela. Filin idi yana cika kamar da. Abin da ya sauya sosai shi ne irin: gidaje da yawa sun daina ajiye nasu, suna saye a kasuwa, wani lokaci da bashin da za a biya da kaka, kuma wanda ya ci bashi ya sayi iri da wuya ya yarda ya binne shi a busasshiyar ƙasa. A yankunan da matsalar tsaro ta hana zuwa gonakin nesa, kamar sassan Zamfara da Katsina, liman kan haɗa roƙon ruwa da roƙon zaman lafiya a huɗuba ɗaya.