Ɗalibi baƙo a birnin Dakar

Kafin shekarar 1971 babu jami'a a Nijar. Ɗalibin da ya ƙare lise, in yana son ƙarin ilimi, sai ya tafi wata ƙasa. Da yawa sun tafi Dakar, babban birnin Senegal, inda aka buɗe jami'a a 1957. Har yau wasu suna zuwa can karatu.

Dakar tana bakin teku. Ɗalibin da ya fito daga Maraɗi ko Damagaram yakan tarar da iska mai sanyi da laima. Abinci ma daban ne. Maimakon fura da tuwon hatsi, da rana ana cin shinkafa da kifi. Kuɗi kam ba su ba shi wuya, don can ma sefa ake kashewa.

Babbar wuya ita ce harshe. A aji ana karatu da Faransanci, amma a kasuwa da cikin mota Wolof ake yi. Wanda bai ji Wolof ba yakan zauna shi kaɗai, kewar gida ta dame shi, har karatunsa ya yi rauni.

Saboda haka ɗalibi mai hankali yakan fara da koyon gaisuwa. Ya ce «Nanga def?», wato «Ƙaƙa kake?». Ya ce «Jerejef», wato «Na gode». Yakan nemi ƴan Nijar da suka riga shi zuwa, su nuna masa gari. Yakan kuma yi abokai cikin ƴan ƙasar. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.