Mazari Ba Abokin Gaba Ba Ne: A Daina Zuba Guba A Kududdufi

Duk wanda ya tashi a kusa da fadama ko kududdufi ya san mazari, ƙwaron nan mai dogon jiki da fukafukai huɗu garai-garai kamar gilashi. Da yawanmu mun kama shi muna yara, mun ɗaura masa zare a wutsiya muna ja, wasu kuma sun guje shi don an ce musu yana harbi. To, ba shi da ƙari irin na zuma ko rina, ba shi da dafi. Iyakacin abin da babban mazari zai yi in an matse shi a hannu shi ne ɗan cizon da ba ya barin komai.

Cikin manyansu akwai wanda masana suka raɗa wa suna Anax imperator tun shekarar 1815, wato sarkin mazarai. Ana samunsa a Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya. Tsawonsa ya kusa santimita 8, faɗinsa in ya buɗe fukafukai ya kai 10. Namiji ƙirjinsa kore ne, sauran jikin shuɗi da baƙin layi a gadon baya. Tamata galibi koriya ce. Namijin kan zaɓi wani yanki na ruwa ya yi ta sintiri, da wuya ka ga ya sauka, kuma duk namijin da ya ƙetaro masa iyaka sai ya fatattake shi. A sama yake kama abincinsa, a sama yake ci: ƙudaje, sauro, malam-buɗe-littafi, har da ƙananan 'yan'uwansa. Idanunsa sun kusa cinye kan gaba ɗaya, kowanne ɗauke da dubban ƙananan idanu, shi ya sa kama shi ta baya ma sai mai haƙuri.

Sai dai wannan da muke gani yana walƙiya a rana ƙarshen rayuwarsa ne, 'yan makonni kawai. Yawancin kwanakinsa a ƙarƙashin ruwa yake yinsu. Uwar takan sauka kan ciyawar da ke yawo a saman ruwa ta cusa ƙwai a cikinta. Abin da ke ƙyanƙyashewa ba ya kama da iyayensa ko kaɗan: wani ɗan ƙwaro ne mai kalar laka, ba fukafukai, yana laɓe a cikin ciyayi. Leɓensa na ƙasa dogo ne, a naɗe ƙarƙashin kai, da 'yan ƙugiyoyi a bakinsa. Da tsutsar sauro ko ɗan kwaɗo ya gifta, sai ya cilla leɓen ya cafke kafin ƙiftawar ido. Wani abin dariya, ta duburarsa yake numfashi, in kuma ya tsorata ta nan zai feso ruwa ya yi gaba kamar kibiya. A ƙasashe masu sanyi yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu a haka. Ranar da ya ƙosa, da dare zai hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, mazari ya fito ya bar saɓarsa maƙale. Ikon Allah ke nan.

Akwai ɗan'uwansa, Anax ephippiger, wanda ke hayayyafa a tafkunan damina na yankin Sahel. Shi sauri yake, cikin wata uku ko makamancin haka ya gama girma kafin ruwa ya ƙafe, sa'an nan ya bi iska ya ƙetare Sahara. An sha ganinsa a Ingila, har tsibirin Iceland mai ƙanƙara ya taɓa kaiwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Manomi ya gama feshi a gonar shinkafa ko lambu, sai ya gangara bakin ruwa ya wanke tankin feshin, ya jefar da robar maganin a nan. Wani kuma, don son banza, ya zuba guba a tafki ya kwashe kifin da ya taso ya kai kasuwa. Gubar ba ta tantancewa: ta kashe tsutsar sauro, ta kashe mai cinta. Amma sauro daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi kwana bakwai zuwa goma ba a lokacin zafi, shi kuwa mazari watanni yake bukata. Wa zai riga dawowa? Sauro ne, kuma ya tarar da gida ba mai gadi. Wannan ban da dabbobin da za su sha ruwan da yaran da za su yi wanka a ciki.

A Disambar 2021 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta bayyana cewa kashi 16 cikin 100 na nau'o'in mazari sama da 6,000 suna fuskantar barazanar ɓacewa, kuma lalata fadamu da gurɓata ruwa suna kan gaba cikin dalilai.

Kada a ɗauka ina cewa mazari zai raba mu da zazzaɓin cizon sauro. Ba zai iya ba. Sauro na hayayyafa a tsohuwar taya da gwangwani da 'yan ramukan da ruwan sama ke kwanciya, wuraren da ɗan mazari ba ya samun lokacin girma. Bukatar gidan sauro da zubar da ruwan da ya kwanta a gida tana nan daram.

Masu kiwon kifi kuma ƙorafinsu gaskiya ne, 'ya'yan manyan mazarai suna cin ƙananan kifi. Maganin abin shi ne a rufe wurin renon da raga mai ƙananan ido yadda uwar ba za ta samu wurin saka ƙwai ba.

Don Allah manoma, in an gama feshi a ɗebi ruwa a bokiti a wanke tankin can nesa da rafi da rijiya, a fasa robar maganin kada wani ya zuba abin sha a ciki. Iyaye kuma a faɗa wa yara su saki mazarin nan, ba ya harbi.