Hoton da Ba a San Asalinsa Ba a Cikin Aji

Tun da wayar hannu ta shiga aljihun malaman makarantu, wata ɗabi'a ta yaɗu wadda bai kamata a yi shiru a kanta ba, wato ɗauko hoto daga WhatsApp ko Facebook, ko daga abin da Google ya fara kawowa, a nuna wa ɗalibai a matsayin hujjar tarihi ba tare da an tambayi wanda ya ɗauke shi, ko wurin da aka ɗauka, ko shekarar ba. Abin da masana tarihi ke kira tushe na asali shi ne duk abin da ya fito daga zamanin da ake magana a kansa, kamar wasiƙa, ko taswira, ko jarida, ko hoton kyamara, kuma darajarsa ta rataya ne ga sanin hannuwan da ya bi, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar matani sai sun duba isnadinsa.

Kuskuren da ya fi yin katutu shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya zo da siffar tsohon hoto, fari da baƙi, da rawani da amawali, to gaskiya ne, domin wai gani ya kori ji. Da wannan tunani ne ake yawo da hotunan da ake cewa na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ko na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ma da na Sarauniya Amina ta Zazzau, alhali lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe da'awar. Shehu ya rasu a 1817, Bello kuma a 1837, Amina kuwa ƙarnoni ne tsakaninta da su. Hoton kyamara mafi tsufa da ya wanzu shi ne wanda Nisefo Niyefs ya ɗauka a Faransa wajajen 1826, kuma ba hoton mutum ba ne, rufin gidaje ne da ya hango ta taga, sannan sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar wani mai suna Dager wadda ta sa ɗaukar hoton mutane ya zama sana'a. Saboda haka duk fuskar da aka liƙa wa sunan Shehu, ko dai zane ne na tunanin wani, ko hoton wani bawan Allah na daban da ya rayu daga baya, ko kuma aikin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke haɗa hoto daga bayanin da aka rubuta mata. Uzurin da akan kawo, cewa ai don a ja hankalin yara ne, ya fi laifin muni, domin yaro yana riƙe hoto fiye da yadda yake riƙe maganar malami, kuma abin da ya shiga kansa a aji uku da wuya ya fita ko da ya kai jami'a. Abin haushi kuma shi ne malamin da zai zane ɗalibi kan satar amsa shi ne zai kafe hoton da bai san mafarinsa ba a jikin allo.

Ko hoton da aka san asalinsa ma yana buƙatar karatu. Sanannen zanen birnin Kano daga kan Dutsen Dala yana cikin littafin tafiye-tafiyen Bajamushe Hainrik Bart, wanda ya shiga Kano a Fabrairun 1851, amma wani mai zane ne, Martin Barnas, wanda bai raka shi tafiyar ba, ya ƙawata shi daga zayyanar Bart kafin a buga littafin a 1857 da 1858. Haka nan hotunan da aka ɗauka bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, bayanin da ke ƙarƙashinsu da bakin wanda ya ci yaƙi aka rubuta shi.

Gaskiya ne ƙarancin littattafai da tsadar data da rashin wuta suna da hannu a lamarin. Sai dai rumbunan da ke da amana kyauta ne, kuma data ɗin da ake kashewa wajen sauke ƙarya ita ce za ta sauke gaskiya. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka hotuna da taswirori masu ɗimbin yawa a intanet, tare da bayanin shekara da mai ɗauka da matsayin haƙƙin mallaka inda aka san su. Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda aka fara a 2004, kuma ya ɗauki hoton rubuce-rubucen hannu daga Nijeriya da Mali. Jami'ar Boston tana da taskar rubutun ajami, har da na Hausa. Malami a Damagaram ko Maraɗi zai amfana da Gallica, rumbun Ɗakin Karatu na Ƙasar Faransa, na Kumasi kuma da hotunan Mishan ɗin Basel na Gana da Kamaru. Wikimedia Commons tana da amfani, amma da yake kowa na iya ɗora hoto, wajibi ne a buɗe shafin bayanin a ga rumbun da aka samo shi. A gida kuwa akwai Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Kafin hoto ya shiga aji, ya kamata malami ya saka shi a Google Lens ko TinEye, waɗanda ke binciko wuraren da hoton ya taɓa fitowa, ya nemi mafi tsufa daga cikinsu, ya gwada shekarar da rayuwar wanda aka ce shi ne, sannan ya rubuta sunan rumbun da lambar ajiya a ƙarƙashin takardar da zai raba. Idan zane ne, a gaya wa ɗalibai zane ne, a faɗi mai zanen. Inda babu majigi, hoto ɗaya da aka buga a takarda ya zagaya benci-benci ya wadatar, muddin an bar yara su fara faɗin abin da idonsu ya gani kafin a karanta musu bayani.

Darasin Daular Usmaniyya ba ya rasa abin nunawa don babu fuskar Shehu. A 1824 wani Bature matafiyi mai suna Kilafaton ya ziyarci Bello a Sakkwato, aka ba shi taswira wadda aka buga a littafin tafiyar a 1826, kuma ana samun littafin a Internet Archive. Taswirar ta nuna kogin Kwara yana gangarawa gabas zuwa ga kogin Nilu, kuma tambayar ko iyakar sanin da ake da shi ke nan, ko kuwa da gangan aka ɓoye wa baƙo hanyar teku, ta isa ta cinye darasi guda a ajin babbar sakandare.