Riƙe Bindiga Ba Shi Ne Soja Ba

Duk wanda ya yi wayo a Sudan cikin shekarun 1990 ya san kalmar "kasha". A tare mota a hanya, a sauke samari, wanda ba shi da takardar hidimar ƙasa a cusa shi a bayan a-kori-kura, sai sansani. Dokar 1992 ce ta wajabta aikin soja a kan namiji daga shekara 18 zuwa 33: shekara biyu ga wanda bai yi nisa a boko ba, wata 18 ga mai sakandare, shekara guda ga wanda ya gama jami'a. Ka ga tun a takarda ɗan manomi da ɗan masunci, irin yaranmu na Abu Na'ama da Mai Wurno, su aka ɗora wa kaya mafi nauyi.

A watan Afrilun 1998, yaran da ake horarwa a sansanin Ailafun kusa da Khartoum sun nemi zuwa gida Babbar Sallah, aka hana su. Suka gudu, gommai suka halaka a kogin nan dai da ke wucewa ta bakin gonakinmu. Wanda aka kamo da ƙarfi, ƙafarsa ce a sansani, zuciyarsa tana gida.

Yanzu ba kamu ake yi ba, kira ake yi. Yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, a watan Yuni Janar Burhan ya nemi matasa su shiga sansanoni, abin da ake cewa istinfar. Da Madani ta faɗi hannun RSF a Disambar 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, ba sai an lallashi kowa ba. Mutanen da ba su gama jinyar rikicin Rusairis da Wad al-Mahi na 2022 ba, wa zai ce da su kada su kare kansu? Ni dai ban ga laifinsu ba.

Inda nake da magana shi ne horon. Hafsa yakan shafe shekaru a kwalejin soja ta Wadi Sayyidna kafin a ɗora masa tauraro. Mustanfir kuwa, wato wanda ya amsa kiran istinfar, 'yan makonni ne: fareti, kwance kalashi da haɗa ta, harbi kaɗan, sai kabbara da guɗar mata ranar yaye. Ja kunama ana koyonsa a wuni ɗaya. Abin da ke cin lokaci shi ne sanin lokacin da ba a harbi, da yadda ake ɗaure jijiyar ɗan'uwa kafin jini ya ƙare, da bin umarnin hukuma ba na mai gida ba. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Abu Aƙila Kaikal ya koma RSF da mutanensa a 2023, ya dawo wajen soja a Oktoban 2024, ƙauyukan gabashin Jazira suka biya kuɗin sauyin sheƙarsa da rayuka.

Sai kuma gona. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya yi ja ba a yanka ba, kwanson ya buɗe, wahalar damina ta zube a ƙasa. Gidan da samarinsa biyu ke bakin shinge, tsoho da mata ne ke riƙe da lauje.

Dawowa ma aiki ce. An tura dakarun Sudan Yaman tun 2015, a Disambar 2019 Firaminista Hamdok ya ce an rage su daga 15,000 zuwa 5,000. An ƙidaya waɗanda suka dawo, amma wa ya bi sawun abin da suka dawo da shi a ƙirji? Soja sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Madani a Janairun 2025, mutane suna komawa gida, bindigogi kuwa suna ƙarƙashin gadaje.

Don haka, Baba, kafin ka sa wa yaronka albarka ya tafi, ka taka da ƙafarka ka tambaya. Yana da lambar soja, ko sunansa a littafin wani kawai yake? In ya rasa ƙafa, wa ke ɗaukar nauyinsa? Kuma ranar da aka sallame shi, wa zai miƙa wa bindigar? In ba a ba ka amsa ba, ka kira masu unguwa da liman ku koma tare.