'Byzantine': Yadda sunan wata daula ya zama laƙabin sarƙaƙiyar aikin gwamnati a Turanci

Mai bibiyar jaridun Turanci, musamman shafukan sharhi kan haraji, shige da fice ko rajistar filaye, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da kalmar "byzantine". Marubuta kan jefa ta ne idan suna son su ce wani tsari ya yi sarƙaƙiyar da ta wuce misali, ya cika matakai da ƙa'idoji da ofisoshin da ba wanda zai iya faɗin amfaninsu. Ba kalmar hira ba ce. Ta manyan rubuce-rubuce ce, shi ya sa ɗalibi kan gama sakandare bai taɓa jin ta ba, sai ranar da ya zauna jarabawar neman gurbin karatu a waje ko ya buɗe rahoton wata hukumar duniya.

Sifa ce, kuma tana zuwa kafin suna. Za a ce "byzantine rules" ga dokokin da suka murɗe, "byzantine tax code" ga kundin harajin da ko akanta sai ya yi gumi kafin ya gane kansa, ko "byzantine bureaucracy" ga ma'aikatar da takarda ke yawo daga tebur zuwa tebur har mai ita ya haƙura. Mutanen Ingila kan furta ta kamar "bi-ZAN-tain" ko "bai-ZAN-tain", yayin da Amurkawa suka fi cewa "BIZ-an-tiin". Duk ana karɓar su. A rubuce kuwa, idan ana nufin daular kanta, wajibi ne a fara da babban harafi. Idan sarƙaƙiya ake nufi, da yawa kan rubuta ta da ƙarami, ko da yake wasu jaridun suna barin babban.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne ɗaukar ta a matsayin ƙawar "complex". Ba haka ba ne. "Complex" ba ta zargin kowa: ƙwaƙwalwar ɗan Adam "complex" ce, haka injin jirgin sama, domin aikinsu ne ya buƙaci hakan. Ita kuwa "byzantine" hukunci ce. Wanda ya yi amfani da ita yana cewa ne an ƙirƙiri wahalar ba gaira ba dalili, sau da yawa ma yana nuna cewa akwai masu cin moriyar duhun. Saboda haka kalmar na da ma'ana ta biyu: makirci da ƙulle-ƙullen bayan fage, irin wanda ake gani a rikicin cikin gida na jam'iyyu. Ma'aikacin da ya rubuta wa shugabansa cewa sabon tsarin da ya kawo "byzantine" ne, da zaton yabo yake yi, ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Asalinta gari ne. Bizantiyum wani birni ne da Girkawa suka kafa a bakin mashigin Bosforus tun ƙarni na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekarar 330 Sarki Konstantin ya mayar da shi sabon babban birnin Daular Rum, aka riƙa kiran sa Konstantinoful, wanda Larabawa suka sani da Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau. Ɓangaren yamma na daular ya rushe a 476, amma na gabas ya ci gaba har zuwa ranar 29 ga Mayu, 1453, lokacin da Sultan Muhammad na Biyu na Daular Usmaniyya ya ci birnin da yaƙi. Mai karatu Bahaushe ya san mutanen nan fiye da yadda yake zato: su ne Rumawan da aka ambata a Suratur Rum, kuma sarkinsu Hirƙal shi ne wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa.

Abin lura, su mutanen ba su kira daularsu "Byzantine" ba. Rumawa suke kiran kansu har ranar da birninsu ya faɗi. Masana na Yammacin Turai ne suka laƙaba musu sunan daga baya, kuma ana danganta yaɗuwarsa da wani Bajamushe, Hieronymus Wolf, wanda ya wallafa tarin tarihinsu a 1557, fiye da shekara ɗari bayan daular ta shuɗe. Marubutan ƙarni na 18, irin su Montesquieu da Voltaire a Faransa, da Edward Gibbon a Ingila wanda ya fara fitar da babban littafinsa kan faɗuwar Rum a 1776, su suka zana daular a matsayin fadar lalaci, munafurci da gardamar addini marar ƙarewa. Daga wannan hoton ne ma'anar zagin ta shiga Turanci.

Ba za a ce zargin ba shi da tushe ba. A shekarar 899 wani jami'in fada mai suna Filotiyos, wanda aikinsa shi ne tsara wurin zaman baƙi a liyafar sarki, ya rubuta littafi guda sukutum kan jerin muƙamai da sarautu, da wanda ke gaba da wane, har da rukuni na musamman na babanni. A ƙarni na goma Sarki Konstantin na Bakwai ya sa aka tattara wani kundin kan bukukuwan fada: tufar da za a sa, ƙofar da za a bi, kirarin da za a yi. Wani jakada daga Italiya, Liudprand, da ya je fadar a 949, ya ba da labarin gadon sarauta da ake ɗagawa sama da na'ura, da zakuna na ƙarfe masu ruri, da tsuntsaye na ƙarfe masu kuka a kan bishiya. Batun makirci kuwa, ya isa a tuna cewa a 797 Sarauniya Irene ta sa aka makantar da ɗanta na cikinta domin ta riƙe mulki ita kaɗai.

Sai dai akwai rashin adalci a cikin laƙabin, kuma masana tarihi na zamani sun daɗe suna faɗin haka. Daular da ta yi sama da shekara dubu tana tara haraji, tana biyan sojoji albashi da kuɗi, tana riƙe da ma'aikata masu ilimi a lokacin da mafi yawan Turai ta wargaje zuwa ƙananan masarautu, da wuya a ce aikin gwamnatinta shirme ne. Kuɗinta na zinariya, "solidus", ya riƙe darajarsa kusan shekara 700. Abin dariyar ma shi ne, ɗaya daga cikin manyan ayyukan sauƙaƙa doka a tarihi can aka yi shi: tsakanin 529 da 534 Sarki Justiniyan ya sa aka tace dokokin Rum da suka taru tsawon ƙarnoni aka mayar da su kundi mai tsari, wanda har yau shi ne tushen dokokin ƙasashe da dama na Turai.

Kalmar na da 'yan uwa da ya kamata a bambance. "Convoluted" ta fi dacewa da bayani ko hujja mai kwana-kwana. "Labyrinthine" na nuni da wurin da mutum ke ɓata a ciki. "Kafkaesque", daga sunan marubuci Franz Kafka wanda ya rasu a 1924, ta fi duka nauyi, domin tana ɗauke da tsoro: halin mutumin da hukuma ke tuhuma ba tare da ta gaya masa laifinsa ba. "Red tape" kuwa suna ce, ba sifa ba, kuma ita ce ta yau da kullum.

Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin da ake nufi. Kwamitin Stephen Oronsaye, wanda ya miƙa rahotonsa a 2012, ya ƙidaya hukumomi da cibiyoyin Gwamnatin Tarayya 541, da dama suna aiki iri ɗaya, ya kuma ba da shawarar rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Rahoton da aka rubuta don rage sarƙaƙiya shi ma sai ya shiga cikinta: kwamiti bayan kwamiti, takardar matsaya bayan takardar matsaya, har zuwa Fabrairun 2024 da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a aiwatar da shi. Haka nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a mayar da mallakar fili mai takardar shaida zuwa wani, ta sa cinikin da aka gama a yini guda kan ɗauki watanni kafin takardunsa su kammala.

Mai fassara zuwa Hausa ba zai sami kalma guda da ta ɗauke nauyin duka ba. "Mai sarƙaƙiya" ta kama rabin ma'anar, "murɗaɗɗe" ta ƙara kusa. Idan wahalar ofis ake nufi, "jeka-ka-dawo" ta fi kowace isar da saƙon. Idan kuwa siyasar fada ce, "ƙulle-ƙulle" ko "kutunguila" ne za su yi aikin. Jimlar da kalmar ta fito a ciki ita ke nuna wadda za a ɗauka.